Jikokin 'Yar Gwanja

A daminar 1975 babu ƙarar da manoman gyaɗa na ƙasar Kusada suka tsana kamar ƙarar babur. Da sun ji ta sun san Ma'aruf ne, malamin gona daga Kankiya, ya zo ya tsaya a bakin gona ya riƙe ƙugu yana kallon abin da ba shi da maganinsa.

Kuturta ce ta faɗa wa gyaɗa. Wasu 'yan ƙwari baƙaƙe da ake kira darɓa suka sauka kamar an zazzage su daga buhu, su tsotsi wannan tushe su koma wancan, suna raba cutar gona-gona. Duk tushen da suka taɓa sai ganyensa ya yi rawaya, ya nannaɗe, ya dunƙule wuri guda ya ƙi girma. Daga Kunduru har Yashe mutum sai ya tona tushe goma bai cika tafin hannu ba. Ko tsofaffi masu roro, waɗanda ke bin gona bayan an cire gyaɗa suna tono abin da ya rage a ƙasa, ba su wahalar da kansu ba a wannan shekara.

Abin da ya fi ci wa Ma'aruf tuwo a ƙwarya shi ne da bakinsa a ciki. Shekara huɗu ya yi yana yawo ƙauye-ƙauye yana tallar 'yar Dakar, gyaɗa mai saurin nuna, har mutane suka watsar da irin da suka gada. Saurayi ne mai zafin nama da zafin baki, irin wanda in ya yarda da abu to kowa ma sai ya yarda ko ya rasa barci. To ga shi kowa ya shuka iri ɗaya, cuta ɗaya ta zo ta kwashe su gaba ɗaya.

Wata Laraba da hantsi, don gudun haɗuwa da mutane, ya kauce wa hanyar cikin garin Yashe ya bi ta bakin fadama. Yana cikin tafiya idonsa ya faɗa kan wani abu da ya sa ya taka burki har babur ɗin ya kusa kayar da shi. Kunya shida ce ta gyaɗa, kore shar, ta baje ta rufe ƙasa, alhali gonar da ke dama da ita da wadda ke hagu duk sun zama rawaya. Bai tsaya kafe babur ba, ya sake shi a kan ciyawa ya ruga. Ya durƙusa yana ɗaga ganye yana leƙawa. Ga darɓa nan a jiki, baƙi ƙirin, amma ganyen ko a jikinsa.

"Kai! Wane ne ke tattake mini gayauna?"

Ya ɗaga kai ya ga wata tsohuwa 'yar firit da ƙwarya a ka. Inno ce, mai ƙuli-ƙulin Yashe, wadda tun rasuwar mijinta take noma wannan 'yar gona da hannunta.

"Inno, ni ne, malamin gona. Don Allah mi kika zuba ma wagga gyaɗa?"

"Au, angona ne?" Haka take kiransa, irin wasan da tsofaffi ke yi da sa'o'in jikokinsu. "Ba kai ne shekaran bara ka tsaya nan ka ce in tumɓuke ta in ba awaki ba?"

Shi ne kuwa, ya ma manta. Ya sosa ƙeya ya ce a yi masa aikin gafara.

"Ban zuba mata komi ba," in ji Inno, ta sauke ƙwaryar. "'Yar Gwanja ce. Babana bafatake ne, da jakai shike zuwa Gwanja sayen goro. A hanyar dawowa ya samo ta a ƙasar Mosi, ya ƙunso ta cikin burgami. Tun ina yarinya muke shuka ta. Aibinta guda, nawa. Sai ta yi wata biyar ba ta nuna ba, shi ya sa nike sa ta nan inda laima ke daɗewa."

Ma'aruf ya danne murnarsa. Wataƙila sa'a ce kawai, wataƙila darɓar da ta hau ta ba mai ɗauke da cuta ba ce. Ya roƙi Inno gashin kaza guda. Ya tsallaka gonar maƙwabta ya sharo darɓa daga tushen da kuturta ta fi ci, ya dawo ya shafa a kan tushe goma na 'yar Gwanja, ya soka tsinke a gindin kowanne. Inno na tsaye tana kallonsa.

"Ashe yanzu aikin gwamnati ya koma raba ma mutane cuta," ta ce.

Mako uku ya yi yana zarya tsakanin Kankiya da Yashe. Tushe goman nan babu wanda ya ko canza launi. Ranar da ya tabbatar, ya cire hularsa ya jefa sama, ta faɗa cikin ruwan fadama, bai ko bi ta kanta ba. Ya hau babur kai babu hula ya nufi ƙofar gidan Sarkin Noma Jaji, inda dattawa ke zama bayan azahar.

"Ranka shi daɗe, na samo ta! Na samo gyaɗar da kuturta ba ta kamawa!"

Jaji mutum ne mai nauyin jiki da nauyin magana, wanda ya yi shekara talatin yana cika rumbu. Ya bari saurayin ya gama haki, sannan ya ce, "Ta Inno kake nuhi? Malam, duk mun san ta. Gyaɗar da sai ruwa ya ɗauke da wata guda take nuna, wa za ta ciyar? Ko kowa za ka ba hwadama?"

Tambaya ce mai kyau, kuma Ma'aruf yana da amsa, domin ya taɓa yin kwas na mako biyu a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru inda ya ga ana haɗa iri da iri.

"Aure zan ɗaura masu," ya ce. "'Yar Gwanja da 'yar Dakar. Ɗiyansu su ɗauko ƙarhin wagga, su ɗauko saurin waccan."

Aka kwashe da dariya. Wani ya tambaya wa zai yi walicci, wani ya ce shi zai kawo goro. Da Ma'aruf mai sanyin kai ne da ya bi su an yi dariyar an tashi. Amma ina, sai ya miƙe ya bugi ƙirji a gaban mutum goma sha.

"Ku ba ni damina biyu. In ban kawo maku iri ba, kada ku sake kirana malamin gona."

"Mun ji," in ji Jaji. "Allah shi kai mu."

Damina ta zagayo. Ya shuka iri biyun a gayaunar Inno, kunya na kallon kunya, ya kewaye da ƙaya. Da suka fara fure ya tattaro tabarmarsa ya tare a wani zaure a Yashe.

Shi furen gyaɗa ba ya jiran kowa, kafin ya buɗe da safe ya riga ya auri kansa. Don haka sai an riga shi. Da la'asar sakaliya za a nemi furen 'yar Dakar da zai buɗe gobe, a buɗa shi a hankali, a tsince 'yan kawunan da ke ɗauke da garin fure, a ɗaura masa zare don a gane shi. Gari na wayewa a tsinko furen 'yar Gwanja a goga masa garinsa. Magana ce mai sauƙi a baki. Sai dai furen bai kai farcen ɗan ƙaramin yatsa ba, su kuwa yatsun Ma'aruf Allah Ya yi su ne don riƙe kan babur. Ranar farko ya kashe fure goma sha bakwai, ya yi zufa, ya yi tsaki, ya zagi matsefatar da ke hannunsa kamar ita ta yi masa laifi.

"Miƙo nan," in ji Inno. "Ka ishe ni da kisan kai."

Ta karɓi matsefatar, wadda dama tata ce ta cire ƙaya. Matar da ta yi shekara hamsin tana kaɗin zare ba a koya mata riƙon abu siriri. Sau biyu ya nuna mata, a na uku ta buɗe fure ta tsince shi tas bai ko girgiza ba. Ta kwance haɓar zanenta ta fito da jan zare, ta ɗaura.

"To ango, ga amarya nan an yi mata lalle. Saura kai da sahe."

Haka suka yi kwana ashirin da uku. Ita ke buɗa fure da yamma, shi ke kai gari da safe, suna yi suna faɗa. Yana gaya mata abin da ya koyo a makaranta, cewa cutar ba ta bin ƙwayar iri, darɓa ce kaɗai ke ɗaukar ta daga tushe zuwa tushe. Ita kuma tana gaya masa cewa hannunsa kamar na mai faskare. Mutanen gari kan tsaya a bakin shinge su yi sallama su tambaya ko an kai amarya. Ma'aruf bai taɓa jin daɗin aiki kamar na waɗannan kwanaki ba. Duk furen da ya ga ya bushe ya sako ɗan tsinkensa ya nufi ƙasa da jan zare a wuya, sai ya ji kamar ya yi guɗa.

Da kaka ta yi suka tona da yatsa, suna bin zare. Fure sama da ɗari biyu suka wahala a kai, abin da suka samu ƙwaya talatin da ɗaya. Inno ta zuba su cikin ɗan tulu da toka ta liƙe bakin da laka.

A damina ta biyu guda ashirin da tara suka tsiro. Kai, ka ga gyaɗa! Ta fi uwar kyau, ta fi uban ƙarfi, ganye fato-fato. Ma'aruf ya kasa riƙe bakinsa. Ya faɗa a ofis, ya faɗa a tasha, ya faɗa wa mai shayi. Da suka yi fure suka fara saka 'ya'ya a ƙasa, ya gayyato mutane su zo su gani da idonsu. A bakin fadama akwai gyauro, wato gyaɗar da ta tsiro da kanta daga ragowar bara, kuma kuturta na maƙale a jikinta tun rani. Daga nan ya sharo darɓa da gashin kaza, ya bi tushe ashirin da taran nan ɗaya bayan ɗaya ya shafa musu, yana yi yana jawabi.

Kwana goma sha takwas bayan haka ya ga sabon ganye a tushe na farko ya fito da ɗigon rawaya. Ya ce rana ce. Bayan kwana uku ya ga na biyu da na bakwai. Kafin wata ya cika babu tushe ɗaya da ya tsira. Ga 'yar Gwanja nan a gefe kore shar kamar tana yi masa gwalo, ga 'ya'yanta sun dunƙule. Ya yi ta juya abin a ransa. Ko dai auren ne bai ɗauru ba, ko kuma 'ya'yan ne suka bar ƙarfin uba suka kwaso raunin uwa. Ko wanne ne, damina biyu sun cika.

Bai kira kowa ba, amma alkawarin da aka yi a bainar jama'a ba ya buƙatar gayyata. Ruwa ya ɗauke da kwana goma, ƙasa ta yi tauri, sai ga Jaji da mutum bakwai a bakin shinge. Da ma zagi ya yi da ya fi sauƙi. Sai ya dubi gyaɗar, ya dubi Ma'aruf, ya yi magana a hankali kamar mai ta'aziyya.

"Malam, ɗiyan sun biyo uwa. Ka yi iya yinka. Mu dai mun koma ma gero da dawa, Allah shi ba ka haƙuri."

Wani daga baya ya kasa riƙe dariyarsa. Ma'aruf ya ji kunya ta rufe shi har idonsa na yaji. Ya tsallaka cikin kunyoyin ya kama tushe da hannu biyu ya fizge, ya kama na gaba ya fizge, bai nemi fartanya ba, bai tsaya tono ba. Ya tara su wuri guda ya ƙyasta ashana.

"Malam," in ji Inno daga inda take tsaye, "ba haka ake cirar gyaɗa ba."

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya hau babur ya bar Yashe.

Shekara guda cur bai sake taka garin ba. In aiki ya biyo ta can sai ya tura wani. Lokacin kuwa kuɗin man fetur sun buɗe, duk wanda ya iya karatu da rubutu birni na kiransa. Abokansa na makaranta sun zama 'yan kwangila, suna zuwa Kankiya da mota suna yi masa dariyar yana nan yana fama da ƙwari. Wani abokinsa Salisu ya nema masa aikin kula da sito a wani kamfanin gine-gine a Kano. Takardar ɗauka ta iso a ƙarshen daminar 1978, an ce ya bayyana ranar Litinin.

Sau uku a cikin daminar nan Inno ta aiko masa da ƙunshin ƙuli-ƙuli ta hannun masu zuwa cin kasuwa, kowanne da saƙo iri ɗaya, wai ya zo ya ga jikokinsa. Ya ci ƙuli-ƙulin, saƙon kuwa ya ɗauke shi a tsokanar tsohuwa. Amma tafiya Kano ba tare da sallama da matar da ta yi kwana ashirin da uku a durƙushe dominsa ba, wannan ya fi ƙarfin rashin kunyarsa. Ran Asabar ya sa takardar a aljihu ya bi ta bakin fadama, don har yanzu ba ya son haɗuwa da Jaji.

Ya same ta a gayauna tana korar awaki.

"Lale da angon da ya gudu ya bar ni da ɗiya," ta ce. "Sai yau?"

"Inno, sallama na zo yi maki. Na samu aiki Kano, jibi zan tahi."

"To madalla. Kahin ka tahi zo ka diba wani abu."

Ta wuce gaba ya bi ta ba don yana so ba. Suka zagaya bayan kunyoyin 'yar Gwanja, wurin da bara ya cinna wuta. Kunya huɗu ce a wurin, cike da gyaɗa mai kuturta, rawaya, a dunƙule, abin da ya gaji da gani. Ya buɗe baki zai ce mene ne abin kallo a nan, sai idonsa ya faɗa kan wani abu. A tsakiyar kunya ta biyu wani tushe na tsaye kore shar. Can gaba ga wani. A kunya ta uku ga biyu kusa da juna. A ƙarshen ta huɗu ga na biyar.

"Inno, wannan wace gyaɗa ce?"

"Jikokinka mana. Sau nawa zan aiko maka?"

"Wane jikoki? Ai na ƙone su! Da hannuna na ƙone su!"

"Harawa ka ƙone. Na ce maka ba haka ake cirar gyaɗa ba, ka yi kunnen ƙashi. Wa ke hizgar gyaɗa a busasshiyar ƙasa? Ɗiyan duk suka tsinke suka zauna ciki. Washegari na ɗauki ƙoƙona na zo roro. Shekara arba'in ina roro, ban taɓa ganin manomin da ya bar ma mai roro arziki kamar kai ba."

Ma'aruf ya durƙusa a gaban tushe na farko. Ya ɗaga ganye. Darɓa ce a jiki, baƙi ƙirin.

"Wa ya sa masu wannan?"

"Kai ɗai ke da gashin kaza a duniya?"

"Amma irin masu kuturta ne, Inno. Mi ya sa ba ki soye shi ba?"

"Kai da bakinka ka ce mini cutar ba ta bin iri. Ko ƙarya aka koya maka?" Ta nemi gindin kunya ta zauna. "Kuma bari ka ji. Mai gidana Bubayero, Allah shi jiƙan shi, yana da cindo, yatsa shida a hannun hagu. Ɗiya bakwai na haihwa mashi, na diba hannun kowa, babu mai shi. Muka ce abin ya bi shi ya ƙare. Ranar da aka haihi jikata Hawwa'u, ungozoma na wanke ta sai ga cindo nan, a hannun hagu, inda nashi yake. To ina ya shiga duk shekarun nan? Yana nan cikin uban yarinyar, ya yi lamo. Da na ga ɗiyan 'yar Gwanja sun ƙi biyo ta, sai na ce bari in jira jikoki."

Nan take wani abu ya faɗo wa Ma'aruf a rai. Aji ne a makarantar koyon aikin gona, bayan azahar, zafi, yana gyangyaɗi a bencin baya. Malamin ya zana gida goma sha shida a allo yana bayanin halin gado mai ɓuya, wanda ba ya fitowa a jikin 'ya'ya sai in an gaje shi ta ɓangaren uwa da uba duka biyu. Ya ce in irin wannan gado guda biyu ne ke riƙe da abu, to a cikin jikoki sha shida ɗaya ne kawai zai fito da shi. Har ya ƙwanƙwasa gidan ƙarshe da alli. Ma'aruf ya rubuta a jarrabawa ya ci, ya fito ya bar shi a can.

Ya zabura ya miƙe ya fara ƙirga tushe da yatsa, yana tafe yana tuntuɓe. Ya kai ƙarshe ya dawo ya sake.

"Tamanin da uku! Tamanin da uku, biyar sun tsaya! Inno, ɗaya cikin sha shida ke nan! Wallahi haka yake a allo, haka malamin ya zana! Auren ya ɗauru! Tun shekaran bara ya ɗauru, ni ne jaki!"

"Ban musa ba," in ji Inno.

"Kuma waɗannan ba su ɓoye komi ba, duk abin da ke cikinsu ya hito. Ɗiyansu ma haka za su tsaya ma kuturta!"

"Kai sai da aka zana maka gida sha shida. To zauna, saura tambayar Jaji."

Gaskiya ne, murna ta sa ya manta. Ƙarfi ba tare da sauri ba ai 'yar Gwanja ce aka sake haifa. Ya tambaye ta yaushe ta shuka, ta ce da ruwan shuka na farko, rana ɗaya da 'yar Gwanja, yau wata uku da kwana goma. Ya je ya tona gindin 'yar Gwanja da yatsa ya ciro ɗa guda ya fasa. Fari fat, ruwa ne a ciki. Ya dawo wurin jikokin. Wannan karon a hankali ya yi tonon, kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Na farko ɗanye. Na biyu ɗanye. A na uku ya ji ɓawon da tauri a hannunsa. Ya matsa ya fashe, cikin ɓawon ya yi duhu, alamar nuna, ga ƙwaya biyu jajaye sun cika shi maƙil.

Ihun da ya yi sai da awakin Inno suka watse. Na huɗu ɗanye ne, na biyar ya nuna kamar na uku. Biyu ke nan. Ya rasa inda zai sa kansa, ya yi dariya, ya share ido da hannun riga, ya zagaya tsohuwar sau biyu, sannan ya nufi babur a guje.

"Ina za ka?"

"Wurin Sarkin Noma! Shi zo shi gani!"

"Dawo nan!" Muryarta ta tsayar da shi cak. "Bakin nan naka ne ya kai ka ya baro. Tushe biyu za ka raba ma ƙasar Kusada? Sai an shuka, an zaɓa, an sake shukawa. Damina nawa ke nan?"

Ya tsaya ya yi lissafi. "Uku. Ko huɗu, kahin a samu na rabawa."

"To ka gani. Ni ido ya hwara gajiya, gwiwa ma haka. Kuma kai jibi kana Kano." Ta kakkaɓe zanenta. "Ba komi. In sun bushe sai in haɗa su wuri guda in adana, abin da Allah ya yi shi ke nan."

"A'a! Kada ki haɗa! Kowane tushe daban za a cire shi, daban za a shanya, daban za a shuka. In suka gauraye mun koma baya. Dole a sa ma kowanne lamba tun yanzu."

Ya shafa aljihu ya sami alƙalami. Ya shafa ɗayan yana neman abin rubutu, babu komai sai takardar Kano. Ya fito da ita ya warware. Ga hatimin kamfani, ga sunansa an buga da tafireta, ga ranar Litinin an ja mata layi. Ya daɗe yana kallonta. Inno ta mai da hankalinta kan wata akuya.

Ya ninka takardar ya yaga, ya sake yagawa, har ta zama gida biyar. Ya ɗora a gwiwa ya rubuta ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar a bayan kowace, ya yi wa uku da biyar tauraro. Sai ya duba hagu da dama, babu abin ɗauri.

"Inno, ko akwai sauran jan zaren nan?"

Ta kwance haɓar zanenta ta miƙa masa.

"Tun ranar da na aika maka ƙuli na hwarko yake nan," ta ce. "Riƙe takardar, ni zan ɗaura. Hannun nan naka kada shi kashe mini jikoki."